Fim ɗin majigin da ya tsufa a adaka, da yadda na wanke shi a gida

Duk wanda ya tsinci gwangwanayen fim ɗin majigi da ba a taɓa ɗaukar komai da su ba, shawarar farko da zai samu ita ce ya zubar, wai sun daɗe da mutuwa. Ni ma ita aka ba ni. Sai dai kwanan watan da ke jikin kwali iyakar alƙawarin kamfani ne kawai, daga nan ya zare hannunsa. Abin da ya saura a jikin fim bayan wannan rana ya danganta da irinsa da kuma ɗakin da ya kwana, kuma babu gwanin da zai faɗa maka da ka, sai an yanki guntu an wanke an gani.

Nawa daga wurin kawuna suka fito. Yana saurayi ya bi motar majigi ƙauyukan ƙasar Bauchi, a kafa farin ƙyalle a dandali bayan isha'i a nuna wa jama'a tsaftar rijiya da noman auduga. Daga baya ya sayi kyamarar kansa, Bolex ƙirar Suwizalan, wadda ake murɗa wa hannu ta yi aiki ba ruwanta da batir. Yana ɗaukar naɗin sarauta da bukukuwa har bidiyo ta shigo ta kashe kasuwar. Ragowar fim ɗin da bai taɓa ba ya zuba a adakar ƙarfe ya tura ƙarƙashin gado, a ɗakin ƙasa mai kaurin bango a cikin tsohon gari. Wannan ɗakin ne ya cece su. Da ƙarƙashin rufin kwano suka yi shekarun nan, inda zafin Afrilu ke kusan digiri 40 a inuwa, da ba mu yi wannan magana ba.

Na ce, "Kawu, ku ba ni in gwada sa'ata."

Ya ce, "Ɗauka, ɗana, Allah Ya taimaka. Amma ka sani mu a zamaninmu ba a gida ake wanke wannan ba, aikawa muke yi mu zauna jira."

Fim ne mai faɗin milimita 16, kowane naɗi ƙafa 100, wato mita 30 da 'yan kai, hoto 4000 ne jere a kansa. In majigi na gudu da hoto 24 a daƙiƙa, naɗi guda bai cika minti uku ba. Iri biyu ne, duka baƙi da fari, duka na Kodak: Plus-X mai lamba 7276, wanda ƙarfin karɓar haskensa da rana 50 ne, sai Tri-X mai lamba 7278, mai 200. Wa'adinsu ya cika tun cikin shekarun 1980. Kuma dukansu fim ɗin juyi ne. Masu wankin hoto na da sun saba da nagatif, inda fari ke fitowa baƙi, baƙi ya fito fari, sai an buga a takarda ko a wani fim ɗin kafin ido ya ga abu yadda yake. Na juyi kuwa, wanda ya shiga kyamara shi ne zai hau majigi, babu na biyu. Da wannan dabarar ma Kodak ta fito da milimita 16 a 1923, don mai ɗaukar iyalinsa ya huta da kuɗin fim biyu.

Fuskar fim shafen jelatin ce, cikinta ƙwayoyin gishirin azurfa. Inda haske ya taɓa a kyamara, ruwan wanki na farko, wato dibelofa, yana mayar da gishirin baƙar azurfa. Nagatif ke nan. Sai a zuba bilic ya narkar da wannan baƙar azurfar kakaf, ya bar gishirin da haske bai taɓa ba. Sai a fito da fim ɗin a haska shi da gangan, a sake sa shi a dibelofa, ragowar gishirin ya baƙanta. Inda farar riga take, azurfar wurin ta bi bilic ta tafi, wurin ya yi garau. Inda inuwa take, gishirin na nan, ya yi baƙi. Ke nan duk baƙin da za ka gani a bango abin da wankin farko ya bari ne.

To a nan tsufa ke cizo. Shekaru da zafi suna sa wasu ƙwayoyin su baƙanta a dibelofa ko da haske bai taɓa su ba, shi ake kira hazo. A nagatif hazo ba ya kashe hoto, ka ƙara haske wajen bugawa ka wuce. A fim ɗin juyi kuwa, duk ƙwayar da hazo ya ci bilic zai tafi da ita, ba za ta dawo a wanki na biyu ba. Sai baƙi ya koma toka-toka, hoton ya fito a koɗe. Don haka aikin tsohon fim, daga farkonsa har ƙarshe, tattali ne: ka hana ruwan farko cin abin da ba rabonsa ba. Duk wata shawara da na yanke a wannan aiki daga nan ta taso.

Kafin in sayi ko cokali ɗaya na sinadari sai da na shiga duhu na buɗe gwangwanayen na shinshina. Jikin fim ɗin asitet ne, wata irin roba, in ya fara ruɓewa warin binega yake yi, kuma wanda ya kamu yana harbin maƙwabtansa. Na samu mai warin na ware shi can gefe. Sauran na yanki taƙi guda daga bakin kowanne na fito da shi haske, na ɗora a haƙoran kyamara in ga ko ramukan gefen suna zama daidai, don tsohon fim yana ƙanƙancewa, in ya yi yawa kyamara sai ta tauna shi. Suka zauna lafiya.

Kayan haɗin a warwatse suke a gari, kowanne a hannun masu wata sana'a. Dibelofa da fiksa, ruwan ƙarshe mai kwashe gishirin da bai baƙanta ba, na samo wurin masu sayar da kayan asibiti, irin na wankin hoton ƙashi. Dibelofar hoton ƙashi mai ƙarfi ce, tana raba fari da baƙi sosai, abin da fim ɗin juyi ke so ke nan. Fotasiyam famanganet, mai launin shunayya, wanda aka rubuta KMnO4 a jikin kwalbarsa, da fotasiyam buromaid da sodiyam tayosalfet, duka na same su wurin mai kai wa makarantun sakandare kayan ɗakin gwaje-gwaje. Sodiyam metabaisalfait sai daga Kano aka sako mini a mota. Tayosalfet ɗin nan shi tsofaffin masu hoto ke kira haifo, amma kada ka shiga kasuwa ka faɗi haka, ruwan wanke fararen kaya za a miƙo maka, shi kuwa saɓule shafen fim yake yi gaba ɗaya.

Asid ne ya ja tambaya. Na je wurin wani mai cajin batir a wajen Wunti cikin garin Bauchi, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Malam, me za a yi da shi?" Ya kuma yi daidai da ya tambaya. Na zauna na yi masa bayani har na nuna masa guntun fim, sannan ya ɗauko abin awonsa mai roba a ka ya zuƙi ruwan ya nuna mini nauyinsa. Sabon asid nake so, wanda bai taɓa shiga batir ba, don wanda aka tsiyaye daga tsohon batir da dalma a cikinsa. A wurinsa na sayi tataccen ruwan da ake ƙara wa batir, jarka guda. Bilic ba ya son ruwan famfo ko na burtsatse: in da kulorin ko gishiri a ruwan, azurfar da ya narkar sai ta sake zama a jikin fim, ta baƙanta a wanki na biyu ta dusashe farin.

Haɗin da na bi shi ne wanda Ilford, kamfanin fim na Ingila, ya wallafa. Giram 2 na famanganet a rabin lita na ruwa, kwalbarsa daban. Mililita 10 na tsantsar asid a mililita 490 na ruwa, shi ma kwalbarsa daban. Ba a gama su sai an zo zubawa, don da zarar sun haɗu ƙarfinsu ya fara mutuwa. Asid ɗin batir bai wuce kashi ɗaya bisa uku na asid ba, sauran ruwa ne, don haka da na yi lissafi kimanin mililita 40 ne ke tsaya wa waccan 10 ɗin. Ruwan sharewa, wanda ke bin bayan bilic, giram 25 na metabaisalfait ne a lita guda. Awon giram da ƙaramin sikelin masu sayar da gwal na yi shi, na ruwa da sirinji. Abu biyu ba wasa a cikinsu. Asid ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba a zuba ruwa cikin asid. Kuma ƙwayoyin famanganet ba sa haɗuwa da tsantsar asid ko da wasa, abin da ke fitowa fashewa yake yi. Safar hannu da tabarau dole ne, yara kuma a nesanta su. Famanganet ɗin na narkar da shi tun daren jiya na tace da auduga a mazurari, don ƙwaya ɗaya da ba ta narke ba ta isa ta huda hoto.

Akwai wani bilic ɗin da ake yi da daikuromet, kuma shi ne na zamanin da aka ƙera waɗannan fina-finai. Ya fi sauƙin sha'ani, yana ƙarfafa jelatin, ana ajiye shi a sake amfani da shi. Na ƙi shi da gangan. Guba ce mai jawo ciwon daji, mu kuwa ruwan da muka zubar kwata yake bi, inda yara ke wasa, awaki ke sha, rijiyar maƙwabta kuma tana kusa. Ban ga hoton da ya kai wannan ba. Famanganet na da nasa kuɗin da ake biya: laushi yake sa wa jelatin, kuma laushin yana ƙaruwa da zafi.

Shi ya sa na jira hunturu. Duk ma'aunan da ke rubuce a digiri 20 aka yi su, mu kuwa ruwan tanki da rana tsaka a bazara ya wuce 30 nesa. Cikin Disamba da Janairu, bayan sallar asuba, ruwan randa yana sauka kusa da 20 da kansa, abin da ya rage ƙanƙarar leda biyu ko uku ta cike. Na jera kwalaben duka a babban baho na ruwa, ma'aunin zafi a tsakiya, har da jarkokin ruwan ɗauraya. Ɗauraya ma sai ta yi daidai da sauran, don in fim ya fita daga ruwan sanyi ya faɗa mai ɗumi, shafen sai ya tattare ya tsattsage. Don in ga iyakar abin da idona, na wanke wani guntu da rana a ruwa mai digiri 28. Yana fita daga bilic na shafa yatsa a kai, shafen ya biyo safar hannuna ya bar roba fara fes.

Gwaji shi ne rabin aikin, kuma nan ne gaggawa ke cin mutum. Daga kowane iri na yanki guntaye uku a duhu. Na farko bai ga haske ba, na sa shi a dibelofa da fiksa kawai, don in ga yawan hazon. Na biyu shi ma bai ga haske ba, amma ya bi matakan duka, don in ga iyakar baƙin da fim ɗin zai iya bayarwa. Na uku na fito da shi tsakar gida ya sha haske, shi ma ya bi matakan duka, don in ga iyakar farinsa. Sannan na ɗaura Plus-X a kyamara, na rataya farar babbar rigar Kawu da wani baƙin zane a igiya ɗaya, na ɗauke su daƙiƙa kaɗan-kaɗan ina buɗe bakin gilashi daga 16 zuwa 11, zuwa 8, zuwa 5.6. Waɗannan guntayen a ƙaramin tankin wankin fim ɗin hoto na wanke su.

A haɗin Ilford ana zuba tayosalfet giram 8 zuwa 12 a kowace lita ta dibelofar farko. Aikinsa ya ɗan narkar da gishirin azurfa don farin hoto ya fita tas. Wannan ga sabon fim ne mai gishiri a wadace. Da na gwada giram 8 a kan nawa, baƙin zanen ya fito ruwan toka, ana hango yatsa ta bayansa. Hazo ya riga ya ci kasonsa, tayosalfet ya zo ya ƙara. Na yi ta ragewa har na tsaya a giram 2, na ƙara buromaid giram 3 a lita, wanda ke danne ƙwayoyin hazo fiye da yadda yake danne na hoto, na tsaya a minti 7 a digiri 20. A nan zanen ya yi baƙi na gaske, aikin ɗinkin wuyan rigar kuma bai ɓace cikin farin ba. Wannan ma'aunin na fim ɗina ne da dibelofata, kowa sai ya nemo nasa. Wajen haske, fim ɗin ya sauko daga 50 zuwa wajen 20. Akwai ƙa'idar da ake yawan faɗa, wai a ninka haske sau biyu ga kowace shekara goma ta tsufa. Ta nagatif ce. Da na bi ta a nan, shekara arba'in ninki 16 ke nan, da babu abin da zai rage a fim ɗin sai fari fat.

Ɗaukar gaske a kasuwar Muda Lawal na yi ta, da hantsi, ana sauke lemo da kankana daga manyan motoci. Sai da na gaisa da dattawan rumfar na nemi izini kafin in ɗaga kyamara. Bolex ba ta cika rabin minti a murɗawa ɗaya, don haka ba a ɗaukar banza, sai ka tsaya ka ga abin da kake so yana tahowa. Da ma'aunin jikinta ya nuna ƙafa 50, na rufe bakin gilashi na bar ta ta ɗan gudu a duhu, don a nan zan raba naɗin biyu, kada almakashi ya faɗa kan fuskar mutum.

Dalilin rabawar tanki ne. Wasu a bokiti suke wankewa, su warware fim ɗin a ciki kamar taliya su yi ta juyawa da hannu. Da daikuromet ana iya tsira, amma shafen da famanganet ya tausasa ba zai jure gogayyar fim da fim ba. Na samu tankin Lomo na hannu, ƙirar tsohuwar Tarayyar Sobiyet, mai faifan da ke ɗaukar mita 15 a hawa guda, kowane zagaye da ramin zamansa. Ɗaurawa a duhu ita ce abin da ya fi ba ni wuya, kuma da wani tsohon fim ɗin Kawu da aka riga aka wanke na koya, da rana, ido a buɗe, sannan ido a rufe. Banɗaki na mayar ɗakin duhu, da dare, bargo a taga da ƙofa. Na zauna minti goma a ciki kafin in buɗe gwangwani, don sai ido ya saba kake ganin hasken da ke satar shiga. Jan ƙwai na masu buga hoto ba ya aiki a nan, wannan fim yana ganin kowane launi. Fuskar shafen waje take kallo a faifan, kuma in ka rasa gane ta a duhu, taɓa bakin fim ɗin a leɓe, gefen da ya manne shi ne. Ka karkata fim ɗin, ka juya faifan da yatsa, ka saurara. In yana shiga raminsa wani sassanyan sautin shuu kake ji bai yankewa. Da ka ji ƙas, wani zagaye ya hau ɗan'uwansa, sai ka koma baya, don inda suka manne ruwa ba zai shiga ba.

Da asuba na fara. Na jiƙa fim ɗin da ruwa zalla minti biyu, na zubar. Dibelofar farko ba ta tiyo na zuba ta ba, don tana daɗewa kafin tanki ya cika, ƙasa ya riga sama nuna. Na cika tankin tukuna, na kashe fitila, na tsoma faifan gaba ɗaya na rufe. Minti bakwai ina juya sandar tsakiya a hankali, idona a agogo. A cikin matakan duka wannan ne kaɗai rabin minti ke canza hoto, sauran kowanne sai ya kai ƙarshen aikinsa ne. Na zubar, na ɗauraye minti biyar ina canza ruwa, don ɗigon dibelofa da ya rage yana kashe bilic ya bar tabo. Sannan na gama kwalabe biyun nan, na zuba. Minti biyar ba a tsayar da hannu. Ya shiga shunayya mai haske, ya fito ya yi duhu ya karkata zuwa ruwan ƙasa. Ɗauraya kaɗan, sai ruwan sharewa minti biyu, taga a buɗe, don warin ashana yake tashi mai shaƙe maƙogwaro.

Daga nan an gama da duhu. Na ɗaga murfin, fim ɗin ya koma launin madara mai ɗan rawaya, babu baƙi ko ɗigo. Na ɗaga faifan wajen taga na dubi zagayen waje. Kowane hoto bai kai faɗin farce ba, amma ga shi nan: sama ta zama roba garau, motar lemo da mutumin da ke kanta da kwando a kafaɗa sun tsaya cikin farin gishiri, inuwar ƙarƙashin mota ta fi ko'ina kauri. Hoton ya riga ya juyu, baƙi kawai yake jira. A nan ake duba abu biyu. In akwai tabo ruwan ƙasa, ragowar manganis ne da bilic ya bari, a mayar ruwan sharewa. In akwai toka-toka, bilic bai gama ba, ana iya haɗa sabo a sake, don baƙar azurfa kaɗai yake ci. Kuma ba a taɓa fuskar fim a wannan lokaci ko da bakin farce.

Haskawa a cikin farin baho mai ruwa na yi ta, faifan a nutse, don kada ɗigon ruwa a jikin fim ya bar zane. Ilford ta ce ƙwan fitila mai wat 100, nisan santimita 46, daƙiƙa 30 zuwa 60 kowane gefe. Irin wannan ƙwan ya yi wuya yanzu, wuta kuma ba ta da tabbas, sai na yi amfani da farin ƙwan sola, na rataye shi sama nesa da ruwa, na ba kowane gefe minti uku ina juya faifan ina karkata shi don haske ya ratsa tsakanin zagayen. Ƙarancin haske ne abin tsoro a nan, shi ke ba da baƙi mara ƙarfi; in ya ɗan yi yawa ba komai. Rana tsaka kai tsaye ce dai ba a so.

Dibelofa ta biyu ita ce ta farkon, amma wadda na ware tun kafin in sa tayosalfet. Murfi a buɗe ake yin ta. Cikin daƙiƙa ashirin madarar ta fara yin toka daga gefe, kafin minti ɗaya faifan ya yi baƙi ƙirin, na bar shi ya cika minti biyar. Sai ɗauraya, sai fiksa minti biyar ta kwashe ɗan gishirin da ya ƙi baƙanta. Fiksar da na samu mai sinadarin ƙarfafa jelatin ce, abin da fim ɗin ke bukata ke nan bayan wahalar bilic, sai dai tana sa ɗaurayar ƙarshe ta daɗe. Na yi ta cika tanki ina juyawa ina zubarwa har rabin sa'a, na rufe da tataccen ruwa.

Hunturun da ya ba ni sanyi shi ne kuma ya zo da ƙura, jiƙaƙƙen fim kuwa duk abin da ya sauka a kansa ya zauna ke nan. Na yayyafa ruwa a ƙasan banɗaki da bangonsa, na toshe ƙasan ƙofa da jiƙaƙƙen tsumma, na ja igiyoyi, na rataya fim ɗin lanƙwasa-lanƙwasa, bayansa a kan igiya, fuskarsa a iska. Ban ja shi ya yi tauri ba, don yana ɗan tsukewa in yana bushewa. Na rufe ƙofa na hana kowa shiga har azahar. Ɗan danshin ɗakin ya taimaka ta wata hanyar ma, don busasshiyar iskar hunturu tana naɗe fim ta sa shi ƙarfi.

Na manne rabi biyun na kai wa Kawu. Ya ce, "Kawo in ɗaura, hannunka bai saba ba." Ya zare fim ɗin ta haƙoran majiginsa ko kallo ba ya yi. Hoton da ya fito a bango ba irin na sabon fim ba ne, kuma ba zan ce shi ne ba. Ƙwayoyinsa sun fi girma, ƙafa biyar na farko gefensu ya koɗe, don su ne zagayen waje da suka fi shan wuya a gwangwani, akwai kuma ɗige-ɗigen da ke wucewa jefi-jefi. Amma inuwar rumfa baƙa ce, fararen huluna farare ne, ana gane saƙar kwando da ƙurar da ke tashi bayan mota. Kawu ya sa aka maimaita, yana nuna mini wuraren da na yi saurin juya kyamara.

Tri-X bai bi sahu ba, kuma tun guntun gwajin farko ya nuna. Fim mai saurin karɓar haske ƙwayoyinsa manya ne, su ne kuma hazo ke fara ci. Guntun da bai ga haske ba ya fito daga dibelofa da duhun da da ƙyar kake karanta rubutu ta cikinsa. Na cire tayosalfet gaba ɗaya, na ƙara buromaid, na saukar da ruwan zuwa digiri 16 da ƙanƙara, duk da haka baƙinsa bai wuce toka ba. Gishirin da za a tattala ɗin ne babu. Don haka na daina juya shi. Ina wanke shi nagatif, dibelofa da fiksa kawai, in ɗauki hotunan da waya a kan farin haske in juya su a kwamfuta. Ba zai hau majigi ba, amma hoton na nan a ƙarƙashin hazon, kuma ya fi a jefar. Ko a cikin Plus-X ɗin ma ba na ɗauka duk halinsu ɗaya, kowane gwangwani sai na yanki bakinsa na gwada, don na saman adaka da na ƙasanta ba zafi ɗaya suka sha ba.

Ruwan da aka gama da shi ba na zubarwa haka nan. Tsohon bilic da tsohon ruwan sharewa nake gamawa a bokiti a fili inda iska ke kaɗawa, launin ya mutu ya koma fari, in zuba bekin soda har ya daina kumfa, sannan in ƙara ruwa mai yawa. Tsohuwar fiksa azurfa ce narke a cikinta, jarka nake tara ta in ba masu karɓar irinta daga ɗakunan hoton ƙashi. Naɗin da suka rage na ɗaure su a leda biyu na sa a firji, kuma duk wanda zan ɗauka sai ya yi awanni a waje kafin in kwance ledar, kada raɓa ta kama shi.

Guda biyu na Plus-X na ware wa hawan salla a ƙofar fadar Sarkin Bauchi. Matsalar ita ce salla a shekarun nan cikin zafi take faɗowa, tsohon fim kuma ba a ɗauka a ajiye shi watanni ana jiran hunturu, hoton da ke ɓoye a cikinsa raguwa yake yi. Dole a wanke shi a makon, a digiri 20, ko nawa ƙanƙara za ta ci. Na sayi babbar kula wadda bahon kwalaben zai zauna a ciki, na kuma yi magana da mai ƙanƙarar unguwarmu ya riƙa ajiye mini manyan dunƙule tun dare.